Gidan Tarihin Dundo da Kayan Sarautar Cokwe

Dundo gari ne a kusurwar arewa maso gabashin Angola, dab da iyakar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kuma lu'ulu'u ne ya kafa shi. A 1912 aka tsinci duwatsun farko a rafukan ƙasar Lunda. A 1917 aka kafa kamfanin Diamang da jarin Turawan Fotugal da Beljiyam da Faransa da Amurka, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta sakar masa yankin, sai abin da ya ga dama. Hanyoyi nasa ne, asibitoci nasa ne, gonaki da kantuna da masu tsaro duk nasa. A 1936 wannan kamfani ya buɗe gidan adana kayan tarihi a Dundo, ya damƙa shi a hannun wani ɗan Fotugal mai suna José Redinha, aka shiga bin ƙauyuka ana tattaro kayan mutanen ƙasar. Mafi yawansu na Cokwe ne, waɗanda ake kuma rubuta sunansu Chokwe ko Tshokwe: kujerun sarakuna, sandunan sarauta, lofe da battar taba, fuskokin dodanni, ganguna, kwandunan duba.

In ana ba da labarin waɗannan kaya, yawanci a kan sata da ƙwato ake tsayawa: an wawashe su lokacin yaƙin basasa, wani attajiri ya bi sawu ya dawo da wasu. Haka ɗin aka yi. Sai dai a ganina sau biyu kayan suka ɓace, kuma ɓatan farko, wanda ya raba su da masu sarautar, har yau ba a ba shi kulawar da ta kamace shi ba. Kafin a ga girman wannan rashi sai an san abin da kujera da sanda suke nufi a fadar Cokwe.

Cokwe suna zaune a lardunan Lunda da Moxico na Angola, da kudancin Kwango, da arewa maso yammacin Zambiya. Ba su taɓa haɗuwa ƙarƙashin sarki guda ba. Ƙasa ce ta sarakuna da yawa, kowanne ana ce masa mwanangana, wato mai ƙasa, gado kuma ta ɗakin uwa yake bi, ɗan 'yar'uwar sarki ne ke hawa. A aƙidarsu sarki shi ne tsani tsakanin masu rai da kakannin da suka shuɗe, saboda haka albarkar gona da haihuwar mata da sa'ar maharba duk a wuyansa suke.

Asalin wannan sarauta suna danganta shi da masarautar Lunda. Labarin ya ce sarkin Lunda ya yi fushi da 'ya'yansa maza, ya ba 'yarsa Lweji warwaron sarauta da ake kira lukano. Ana nan sai ga wani baƙon maharbi ɗan sarautar Luba, Cibinda Ilunga, ya iso daga gabas da baka da kibau da asirin farauta da ladabin fada irin wanda ba a saba gani ba. Lweji ta aure shi, ta miƙa masa warwaron. 'Yan'uwanta maza, Cinguri da Cinyama, suka ƙi yarda baƙo ya mulke su, suka tashi da jama'arsu, kuma daga wannan ƙaura sarakunan Cokwe da na maƙwabtansu suke ƙirga asalinsu. Wanda ya tashi yana jin labarin Bayajidda da Daurama zai gane salon nan take: baƙon ɗan sarki, sarauniya, aure, sai gidajen sarauta su tsiro. Masana tarihi suna ɗora lamarin a wajajen 1600.

Wannan maharbi shi ne masassaƙan fada suka fi zuba gwanintarsu a kansa. Mutum-mutuminsa da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne, kuma ɗaya daga cikinsu yana gidan tarihin Kimbell a Fort Worth, jihar Texas ta Amurka. Tsayinsa kusan santimita 40 ne kacal, amma dubi yadda aka tsai da shi. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe kamar mai sanɗar nama, kafaɗu an ja su baya, ƙirji a buɗe. Tafukan hannu da na ƙafa sun fi ƙarfin jikin nesa ba kusa ba, an fitar da kowace gaɓa da kowane farce, domin hannu mai kamawa da ƙafa mai doguwar tafiya su ne jarin maharbi. Ƙofofin hanci a buɗe suke kamar yana shaƙar iskar daji. Gemun gashi ne na gaske aka dasa. Hannun dama yana riƙe da sanda, na hagu da ƙahon magani, a wasu sassaƙe-sassaƙen kuma bindiga ce a madadin ƙahon. A kansa akwai babbar hular sarauta mai fukafukai biyu da suka nannaɗe baya, wadda ake kira mutwe wa kayanda. Wannan hula ita ce hatimin sarautar Cokwe: duk inda ka gan ta, a kan sanda ko jikin lofe ko bayan kujera, to kayan na mai ƙasa ne.

Na san da yawa daga cikinmu ba mu da sha'awar sassaƙen siffar mutum, kuma babu ɓoye-ɓoye, waɗannan kaya suna ɗaure da girmama kakanni irin na addinin gargajiyar Cokwe. Amma ba sai mutum ya yi imani da abin da wasu suka yi imani da shi ba kafin ya yarda cewa kayansu nasu ne, kuma tarihin mulkinsu a jikin itacen nan aka ajiye shi.

Dukiyar da ta ciyar da waɗannan masassaƙa daga fatauci ta fito. A 1834 Fotugal ta saki cinikin hauren giwa daga hannun gidan sarautarta, a 1836 ta haramta fitar da bayi ta teku, sai kasuwar haure da kakin zuma ta buɗe. Cokwe kuwa maharba ne kuma masu ɗiban zuma. Suka sayar da kaki da haure, daga baya roba, suka sayi bindigogi da albarushi da yadi da ƙusoshin tagulla. Giwaye na ƙarewa suna ƙara kutsawa arewa da gabas, har a shekarun 1880 suka mamaye Musumba, babban birnin Lunda, gidan da sarautarsu ta samo asali. A cikin wannan ƙarni na 19 ne fadojin sarakuna irin su Ndumba Tembo, wanda matafiyan Fotugal Capelo da Ivens suka ziyarta a tafiyarsu ta 1877 zuwa 1880, suka riƙe ƙwararrun masassaƙa, waɗanda ake kira songi, suna yi musu aiki.

Kujerar sarki ita ce ta fi nuna yadda Cokwe suke karɓar baƙon abu su mai da shi nasu. Kujerunsu na asali daga kututture guda ake fafe su. Wannan kuwa, citwamo ca mangu, an kwaikwayo ta ne daga kujerar Turawan Fotugal mai majingina da ƙafa huɗu, wadda fatake suka shigo da ita, ana harhaɗa ta gaɓa-gaɓa, a shimfiɗa fata a mazauni, a jera ƙusoshin tagulla a gefe. Nan kamannin ya tsaya. Kowane itacen da ya gitta tsakanin ƙafafun, masassaƙi ya mai da shi dandali. A kan wannan za ka ga makaɗa sun rungume ganguna, a kan wancan mata biyu suna daka, can yaran da ke sansanin kaciya na mukanda sun zauna a jere, nan wani falke ya hau bijimin sa, ga mai duba da kwandonsa, ga mace a kan gwiwa, ga maharbi da karensa. Mutanen ba su fi tsawon yatsa ko biyu ba, amma an fitar musu da kitso da tsagar fuska. A saman majingina kuma sai a ɗora kan sarki da hularsa, ko fuskar dodon da ake kira Cihongo. Idan mwanangana ya zauna, rayuwar jama'arsa tun daga haihuwa har girma tana ƙarƙashinsa, ikon kakanni yana bayansa, talakawa kuma suna zaune a ƙasa, idanunsu daidai da waɗannan 'yan siffofi. Da yawa daga kujerun ƙanana ne, don a iya saɓa su a bi sarki da su duk inda za shi. Kujerar tana yi wa mai zuwa fada bayanin abin da ke wuyan sarki, tana kuma tuna wa sarkin kansa.

Sanda da lofe da turmin garin taba su ma haka suke, kowanne da kan sarki ko siffar uwar zuri'a a jikinsa. Fuskokin dodanni kuma suna da matsayi hawa-hawa. Cikungu ita ce mafi girma, ba a sassaƙa ta da itace, da ɓawon itace da ƙaro ake yin ta a kan firam na tsumagu, kuma sarki ne ke sa ta in za a yi wa kakanni yanka. Cihongo, mai faffaɗan gemu kamar faifai, alamar arziki da iko ce, a da 'yan gidan sarauta ne ke fita da ita suna karɓar gaisuwa. Pwo kuwa siffar mace ce, uwar zuri'a, mai lumsassun idanu da tsaga a goshi da kumatu, namiji ne ke rawa da ita don karrama ɗakin da gado ke bi.

Yanzu a dawo Dundo. Lokacin da aka buɗe gidan tarihin, sojojin Fotugal sun riga sun gama murƙushe ƙasar Lunda tun wajajen 1920. Manyan sassaƙe-sassaƙen fada na ƙarni na 19 da yawa sun riga sun tsallaka teku a kayan sojoji da fatake da matafiya. Sarakunan da suka rage an mai da su soba, wato masu unguwannin gwamnati, kuma babban aikin da ake nema a wurinsu shi ne su tara haraji su kuma ba da ƙarti. Ramukan Diamang da 'yan kwantiragi ake haƙa su, mutanen da jami'an mulki ke ɗebowa daga ƙauyuka ta hannun sarakuna, ko suna so ko ba sa so. A cikin wannan hali ne ma'aikatan gidan tarihi suke isa ƙauye su nemi kujera ko sanda. Wasu kayan saye aka yi, wasu kyauta aka rubuta. Amma cinikin da ake yi tsakanin kamfanin da ke riƙe da hanya da asibiti da kanti da 'ya'yanka, da kai da aka rage wa iko, ba ciniki ne na tsara da tsara ba. Wannan shi ne ɓatan farko. Kujerar da aka yi don a zauna a yanke hukunci ta koma bayan gilashi da lamba a gindinta, a gidan kamfanin da ya gaje ikon mai ita.

Kamfanin ya ce yana ceton al'adar da ke shirin mutuwa ne. Ya kafa wa gidan tarihin ƙauye na musamman, ya ɗauki masassaƙa aiki suna sassaƙa irin na da, ya tara makaɗa da masu rawa don baƙi. Abin da ke kashe al'adar kuwa, wato kwashe maza zuwa ramuka da karya sarauta, shi ne sana'ar kamfanin.

Duk da haka akwai aikin ƙwarai da aka yi a gidan, kuma adalci ne a faɗe shi. A 1956 wata masaniya 'yar Beljiyam, Marie-Louise Bastin, ta zo Dundo ta yi watanni tana nazarin kayan ɗaya bayan ɗaya, tana zama da masanan Cokwe suna gaya mata sunan kowane zane da ma'anarsa. A 1961 Diamang ya buga aikin nata cikin juzu'i biyu da hotuna masu yawa, mai suna Art Décoratif Tshokwe. Ita ce ta bambance salon tsohuwar ƙasar Cokwe, na manyan masassaƙan fada, da salon da ya biyo bayan bazuwarsu. Ba wanda ya san a lokacin cewa hotunan nan za su zama shaidar kama kayan sata.

Angola ta sami 'yanci ranar 11 ga Nuwamba 1975, yaƙin basasa ya ɗora daga nan har 2002. Lardunan Lunda sun sha wuya fiye da wurare da yawa saboda lu'ulu'un da ke ƙasarsu, musamman bayan zaɓen 1992 da yaƙi ya sake ɓarkewa, 'yan tawayen UNITA suka riƙe filayen haƙa da dama suna sayen makamai da abin da suka samu. A tsawon waɗannan shekaru kaya suka yi ta zurarewa daga gidan tarihin. Iyaka tana kusa, albashi ba ya isa, tsaro ya lalace, kuma a Turai akwai masu jira da kuɗi a hannu. Kayan Dundo suka ɓulla a shagunan dillalai a Brussels da Paris, suka shige gidajen masu tara kayan tarihi, wani ya sayar wa wani har asalin ya dushe. An gyara ginin an sake buɗe shi a 2012, amma gyaran gini bai cike gurbin abin da ya fita ba.

A nan Sindika Dokolo ya shigo. Haifaffen Kinshasa ne a 1972, ɗan wani mai banki, ya yi suna wajen tara ayyukan masu fasahar Afirka na zamani, kuma mijin Isabel dos Santos ne, 'yar shugaban Angola na lokacin. Ta hannun gidauniyarsa ya haɗa kai da dillalai biyu da suka san kasuwar ciki da bai, Didier Claes na Brussels da Tao Kerefoff na Paris, suka riƙa gwada abin da ke hannun mutane da hotunan Bastin da rajistar gidan tarihin. Itace ba ya ɓoye kamanninsa: tsagewa a kunne, gurbin ƙusar da ta faɗi, karkacewar tsaga a kumatu, duk suna nan a hoto. In an tabbatar, sai a je wa mai riƙe da kayan da zaɓi biyu. Ko ya karɓi daidai kuɗin da ya saya, ba farashin kasuwar yau ba, ya miƙa kayan, ko a haɗu a kotu sunansa ya fita. A 2015 aka sanar da samo fuskokin Pwo biyu da mutum-mutumi ɗaya. A 2018 a Brussels aka miƙa wa hukumomin Angola wasu guda shida, cikinsu har da kujera da lofe.

Dabarar ta yi aiki domin ta taɓa kasuwar a inda take jin zafi. Kayan da aka san yana cikin rajistar Dundo ba ya sayuwa a fili, gidan gwanjo mai mutunci ba zai karɓe shi ba, don haka darajarsa a hannun mai shi ta faɗi. Na yaba wannan aiki, kuma duk fuskar da ta koma Angola riba ce. Amma akwai rauni a ginin tun daga tushe. Na farko, wanda aka yi wa sata shi ke biya. Na biyu kuma ya fi tsanani: aikin gaba ɗaya a kan aljihu da ƙarfin faɗa-a-ji na mutum guda ya tsaya. A Disamba 2019 wata kotu a Luanda ta riƙe kadarorinsa da na matarsa bisa zargin sun jawo wa gwamnati asarar dukiya, ciki har da harkar da ta shafi lu'ulu'u, zargin da suka musanta. A Oktoba 2020 ya rasu a haɗarin ninƙaya a Dubai. Gadon al'umma bai kamata ya rataya a kan lafiyar mutum ɗaya ko matsayinsa a wurin masu mulki ba. Aikin hukuma ne, da lauyoyinta da kasafinta da jami'an da za su ci gaba ko wa ke kan mulki.

Sannan ina kayan suka koma? Hannun gwamnati da gidan tarihi. Wannan ya warware satar lokacin yaƙi, ya mai da al'amari yadda yake a 1975, lokacin da kujerun suka riga suka yi shekaru a bayan gilashi. Sarakunan Cokwe kuwa ba su ƙare ba. Sarautu irin su Mwacisenge suna nan da masu riƙe da su, kundin tsarin mulkin Angola na 2010 ya amince da sarautun gargajiya, ana shiga mukanda, Pwo da Cihongo suna fita rawa. A Zambiya, wasan dodannin makishi ya sami karramawar UNESCO a 2005, zanen yashi na sona da dattawan Cokwe ke koyar da hikima da shi ya shiga jerin hukumar a 2023. Mutanen da suka san abin da ke kan kowane itacen kujera suna raye.

Ba ina cewa a kwashe gidan tarihin a raba wa fadoji ba. Itace yana son kulawa, gara da ɓarayi ba su san fada ba, kuma ɗan makaranta a Dundo yana da haƙƙin ganin aikin kakanninsa. Amma tsakanin kulle kaya da watsar da su akwai fili mai faɗi. Ana iya ba masu sarauta kujera a majalisar da ke tafiyar da gidan. Ana iya fitar da sanda ko kujera ranar naɗi, a yi hidima da ita, a mai da ita. Ana iya tambayar gidan da aka karɓo kaya yadda suke so a nuna shi, ko ma in abin da bai kamata kowa ya gani ba ne, kamar Cikungu.

Akwai kuma kayan da dabarar Dokolo ba za ta taɓa kaiwa gare su ba, su ne waɗanda suka fita kafin a kafa gidan tarihin. Cibinda Ilunga na Texas, da wanda ke gidan tarihin Berlin tun wajajen 1880, da waɗanda ke Fotugal, ba sa cikin rajistar Dundo, ba wanda zai nuna hoto ya ce ga lambar da aka goge. Su ne kuma ƙololuwar aikin masassaƙan fada. Maganarsu sai gwamnati da gwamnati, tare da binciken yadda kowanne ya bar hannun mai shi.

Wurin da za a fara ba a ɓoye yake ba. Diamang kamfani ne mai yawan rubutu, gidan tarihinsa yana aika rahoto a kai a kai game da rangadin tattara kaya, kuma wani babban kaso na takardunsa da hotunansa yana Jami'ar Coimbra a Fotugal, inda aka yi aikin ɗora su a intanet. Waɗannan takardu an fi amfani da su wajen tabbatar da cewa kaya na gidan tarihi ne. Duk inda aka rubuta ƙauyen da aka karɓo kujera da sunan soban da ya miƙa ta, takardar tana kuma nuna gidan da ya kamata a je a yi sallama, a nemi jikokin 'yan'uwansa mata, a gaya musu inda kujerar take.